Bayan tiyatar zuƙe kitse da dasa shi: tambayoyi da amsoshi kan jinya da sakamako

Wanda aka zuƙe wa kitse a wani sashe aka dasa shi a wani, jinya biyu yake yi a jiki ɗaya, kuma buƙatunsu sun saɓa wa juna. Inda aka cire yana son matsi da motsi, inda aka zuba kuwa ba ya son a danne shi ko kaɗan. Yawancin ruɗanin da masu jinya ke shiga daga nan yake tasowa. Amsoshin nan bayani ne na gaba ɗaya. Duk inda suka ci karo da umarnin likitan da ya yi aikin, nasa za a bi, domin shi ya san yawan abin da ya cire da zurfin da ya shiga.

Hujin da aka yi min ƙanana ne, me ya sa jikina ke ciwo haka?

Saboda raunin ba a fata yake ba, a ƙarƙashinta yake. Hujin bai wuce 'yan milimita ba, amma ta nan ake zura siririn bututun ƙarfe, a yi ta kai da komo da shi cikin kitse har a ratsa faɗin ciki ko cinya gaba ɗaya. Likitan Faransa Yves-Gérard Illouz ne ya yaɗa amfani da bututu marar kaifin baki a ƙarshen shekarun 1970, abin da ya rage yankan jijiyoyi sosai. A 1987 kuma Jeffrey Klein na Amurka ya fito da hanyar da ake bi a yau, wato a fara cika wurin da ruwan gishiri haɗe da maganin kashe zafi na lidocaine da adrenaline mai tsuke hanyoyin jini. Wannan ya rage zubar jini, sai dai bai hana wurin zama babban rauni ba. Ciwon ya fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, musamman wajen tashi daga kwance, daga nan sai ya koma tsamin jiki.

Ruwa mai jini-jini na ta zuba daga hujin. Jini nake zubarwa?

Galibi a'a. Ragowar ruwan da aka ɗura ne yake fitowa, ɗan jinin da ya gauraya da shi ne ya ba shi launi. Wasu likitocin da gangan suke barin hujin ba ɗinki don ruwan ya sami hanya. Yakan jiƙa bandeji da zanin gado a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, ya ragu, ya tsaya. A shimfiɗa leda da tsofaffin tawul a kan katifa tun kafin a dawo gida. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne jini tsantsa mai kauri da bai tsayawa, ko wani ɓangare ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri da zafi fiye da ɗan'uwansa.

Na hau sikeli na ga nauyina ya ƙaru. Ina amfanin aikin?

A ajiye sikeli tukuna. Tsakanin ruwan da aka ɗura, da ƙarin ruwan da aka yi a asibiti, da kumburin rauni, mutum kan fi nauyi a makon farko. Kumburi yana kaiwa maƙura wajen kwana na uku, mafi yawansa ya sauka cikin mako huɗu zuwa shida, ragowar kuma ta riƙa janyewa a hankali har wata shida, wani lokacin shekara. Ruwa ƙasa yake bi, don haka wanda aka yi wa a ciki zai iya ganin kumburi da kwanciyar jini sun gangaro mara da al'aura da cinyoyi, har ƙafafu. Abin na tsorata mutane ƙwarai, maza musamman, amma yana wucewa. Shatin jinin kan ɗauki mako biyu zuwa uku.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Wannan ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci, kuma ya kamata mai zaman jinya ya san amsarta fiye da majinyacin, domin wanda ya galabaita ba lallai ya iya tantance halin da yake ciki ba.

Sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri ba dalili, tari da jini, suma ko ruɗewa: a tafi sashen gaggawa nan take, ba a tsaya tura saƙo ana jiran amsa ba. Suna iya nufin gudan jini ko kitse ya toshe hanyar jini a huhu. Ciwo da kumburi a sha-raɓar ƙafa ɗaya kawai, da ɗumi a wurin, alama ce ta daskarewar jini a jijiya mai zurfi, kuma daga nan ne gudan kan ɓalle ya nufi huhu. Kada a yi wa wannan ƙafar tausa.

Ciwon ciki mai ƙaruwa, ciki ya ɗaure ya yi tauri, amai, da zazzaɓi bayan zuƙe kitsen ciki na iya nufin bututun ya huda hanji. Ba kasafai yake faruwa ba, amma jinkirin gano shi na kisa, kuma sau da yawa ana jinkirin ne don an ɗauka ciwon tiyata ne da aka saba.

Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin Celsius, ja ko duhu mai yaɗuwa, mugunya, wari, ƙuraje masu ruwa, ko ciwon da ya zarce abin da ido ke gani a fatar, duk alamun shigar ƙwayoyin cuta ne. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, sai a dogara da ɗumi, sheƙi, da zafi idan an taɓa.

Akwai wani kuma da ba a cika faɗa wa mutane ba. Lidocaine da aka ɗura cikin kitse a hankali yake shiga jini, ba ya kai ƙololuwa sai bayan kimanin awa 12, lokacin da mutum ya riga ya koma gida. Sagewar leɓe da harshe, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri mai tsanani ko fizgar tsoka a daren farko na nuna ya yi yawa. Shi ya sa ba a barin majinyaci shi kaɗai a awa 24 na farko, kuma ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta ba da shawarar a kwantar da duk wanda aka zuƙe masa fiye da lita 5 a sa masa ido har wayewar gari.

Har yaushe zan sa rigar matsi, kuma yaya matsinta ya kamata ya kasance?

Abin da aka fi bayarwa shi ne mako huɗu zuwa shida, dare da rana a farko ban da lokacin wanka, daga baya a rage. Aikinta ta manna fata da naman da ke ƙasa, ta rage wurin da ruwa zai taru. Ba ita ke ƙera ƙugu ba, likita ya riga ya yi wannan. Masu ɗaukar cewa tsananin matsi shi ne kyan sakamako suna jawo wa kansu miki da tsagi a fata, wani lokacin na dindindin. Idan rigar ta hana numfashi mai zurfi, ko yatsun ƙafa suka sage, ko ta naɗe ta nutse a wuri ɗaya, ta yi ƙanƙanta. Idan kuma ta fara yin sako-sako saboda kumburi ya sauka, a canza zuwa ƙarama. A mallaki biyu don a riƙa wanke ɗaya.

Cire ta karon farko a zaune ake yi, da wani a kusa. Jini kan zubo ƙasa da zarar matsin ya saki, mutane da yawa a nan suke faɗuwa a banɗaki.

Inda aka dasa kitse kuwa rigar ba ta matse shi. Shi ya sa ta masu dashen mazaunai take da yanka ko yadi mai laushi a baya.

Cikin kitsen da aka dasa, nawa ne zai zauna?

Ba dukansa ba, kuma likita mai gaskiya zai faɗi haka tun kafin aiki. Alƙaluman da likitoci suka fi ambata suna tsakanin rabi zuwa kashi 80 cikin 100, ya danganta da wurin, da hannun likita, da jikin mutum.

Dalilin na cikin yadda kitsen ke rayuwa. Da aka zuƙo shi an raba shi da jijiyoyin jininsa. A kwanakin farko ruwan da ke kewaye da shi kawai yake tsotsa, kafin sababbin ƙananan jijiyoyi su tsiro su shige shi. Kamar dashen shuka ne: kafin saiwa ta kama, ƙaramin taki ko girgiza ya isa ya kashe shi. Binciken Kotaro Yoshimura da abokan aikinsa a Japan, wanda aka buga a 2012, ya nuna cewa ƙwayoyin kitsen da ke gefen waje kaɗai, cikin tazarar da ba ta kai rabin milimita ba, su ke tsira kai tsaye. Na bayansu suna mutuwa amma sababbi na maye gurbinsu, na can tsakiya kuwa mutuwa suke yi ba maye. Wannan ne ya sa ake zuba kitse kaɗan-kaɗan a layi-layi, hanyar da Sydney Coleman na New York ya daidaita a shekarun 1990, maimakon a tura shi dunƙule guda. Tunanin ba sabo ba ne, tun 1893 likitan Jamus Gustav Neuber ya dasa ƙananan gutsattsarin kitse a fuska, ya kuma lura manya ba sa kamawa.

Saboda haka girman da aka gani a madubi a makon farko ba naki ba ne, kumburi ne da kitsen da bai riga ya yanke hukunci ba. Abin da ya rage bayan wata uku zuwa shida shi ne mai zama. Masu neman a cika musu da yawa don su cike gurbin wanda zai narke, abin da suke ƙarawa galibi shi ne mataccen kitse, ba girma ba.

An yi min dashen mazaunai. Da gaske ba zan zauna ba?

Mako biyu zuwa uku na farko ana guje wa zama kai tsaye in ban da banɗaki. Bayan haka a yi amfani da matashin da ake sawa ƙarƙashin cinyoyi, mazaunan su rataya ba su taɓa kujera ba, har zuwa mako shida ko takwas. Kwanciya rub da ciki ce. Kwanciya ta gefe ma tana da matsala idan an zuba kitse a kwatangwalo, sai a tambaya. Hujjar bincike kan ainihin adadin makonnin ba ta da ƙarfi, shi ya sa likitoci suka bambanta, amma dalilin a fili yake: matsi mai tsawo na hana jini isa ga kitsen da ke neman kamawa.

Kada hana zama ya koma kwanciya wuni guda. A tashi a ɗan zaga cikin gida duk bayan awa ɗaya ko biyu tun daga ranar farko, wannan ce babbar kariya daga daskarewar jini.

Na ji ana cewa BBL, wato dashen kitse a mazaunai, ta fi kowace tiyatar kwalliya haɗari. Haɗarin ya wuce tunda na farka lafiya?

Babban haɗarin da ya ba ta wannan suna a kan teburin tiyata yake faruwa ko cikin awannin farko. Idan aka zuba kitse cikin tsokar mazaunai, yana iya shiga manyan jijiyoyin wurin ya wuce zuciya da huhu. Wani kwamitin likitoci a Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa ana rasa kusan mutum 1 cikin 3,000. A 2018 ƙungiyoyin likitocin fannin suka yi gargaɗin a tsaya ƙarƙashin fata kawai, kar a shiga tsoka, ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Birtaniya ma ta ce wa mambobinta su dakatar da aikin, ba ta sassauta ba sai 2022 da sharaɗin a yi shi da na'urar hoton cikin jiki (ultrasound) ana ganin bakin bututun. Jihar Florida ita ma ta wajabta na'urar a 2022. To, wanda ya wuce kwanakin farko ya tsallake wannan, amma daskarewar jini da ƙwayoyin cuta na nan har makonni.

Tausa dole ce?

Tausa mai laushi da ake shafa fata don kora ruwa na sa mutane da yawa jin sauƙi, likitoci da dama na ba da shawararta. Shaidar cewa tana canza sakamakon ƙarshe kaɗan ce, duk da yadda ake tallata ta kamar in ba ita aikin ya lalace. Idan za a yi, a bari likita ya faɗi lokacin farawa, kuma hannu ba ya zuwa inda aka dasa kitse.

Abin da ake gani a bidiyoyin intanet, inda mai tausa ke ɓarke hujin da ya fara rufewa tana matse ruwa da ƙarfi majinyaciya na ihu, wannan ba jinya ba ce, buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne. Idan ruwa ya taru ƙarƙashin fata har ana jin yana kaɗawa idan an taɓa, likita ne zai zuƙe shi da allura mai tsabta, wani lokacin fiye da sau ɗaya.

Cikina ya yi tauri da gudaji, fatar kuma ba na jin ta.

Daga mako na biyu zuwa wata na biyu ko na uku, kumburi mai laushi kan rikiɗe ya zama tauri saboda tabon da ke haɗuwa a ciki. Yawanci yana laushi da kansa. Sagewa, ƙaiƙayi, da ɗan tsira kamar na lantarki alamun jijiyoyin ji ne suna farfaɗowa, suna iya ɗaukar watanni.

Wurin da ya sage ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a ɗora masa ƙanƙara. Fatar ba za ta sanar da mai ita tana ƙonewa ba, sai dai a wayi gari da ƙuna.

A inda aka dasa, gudan da ya ƙi tafiya galibi mataccen kitse ne ko ƙullin mai. A nuna wa likita. Haka kuma ƙurjin da ya ɓullo makonni bayan tiyata, yana tsatsar ruwa, ya ƙi jin maganin da aka saba: akwai ƙwayoyin cuta dangin na tarin fuka da ake samu daga kayan aikin da ba a tsabtace da kyau ba, sai an yi gwaji na musamman ake gano su, maganinsu kuma na watanni ne.

Magunguna, taba da abinci fa?

A sha abin da likita ya rubuta kawai. Aspirin da ibuprofen na iya ƙara zubar jini, kada a sha sai da izininsa, haka magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari. Masu ƙarfin kashe zafi na kawo taurin bayan gida, a yawaita ruwa da tafiya. Nicotine na tsuke jijiyoyin da kitsen ke jira, ko ta sigari ce, ko shisha, ko ta lantarki. A bar ta aƙalla mako huɗu kafin aiki da huɗu bayansa. Watannin farko ba lokacin rage ƙiba ba ne, kuma ba lokacin cin wuce kima da sunan ciyar da kitse ba ne. Jiki na buƙatar abinci mai gina jiki. Jiri da kasala da suka ƙi wucewa na iya zama ƙarancin jini, a auna.

Yaushe zan yi wanka, in koma aiki, in hau jirgi?

Wanka a tsaye galibi bayan awa 24 zuwa 48. Nutsewa cikin baho ko wurin ninƙaya sai hujin ya rufe sarai. Aikin ofis mako ɗaya zuwa biyu, aikin ƙarfi da motsa jiki mai nauyi mako huɗu zuwa shida. Tuƙi sai an daina maganin da ke sa barci kuma ana iya taka birki da ƙarfi ba tare da ciwo ya hana ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce a jira kwana 5 zuwa 7 bayan zuƙe kitse kafin hawa jirgi. Mai dashen mazaunai da doguwar tafiya a gabanta tana buƙatar fiye da haka. Wanda ya yi aikin a wata ƙasa ya karɓo rahoton tiyatarsa a rubuce, ya kuma san likitan da zai duba shi idan ya dawo, tun kafin ya tafi.

Tabon zai ɓace?

Zai dusashe, ba zai ɓace ba. A fata mai duhu wurin hujin da inda jini ya kwanta kan ƙara duhu na watanni, rana kuma na ƙara shi, sai a rufe ko a shafa man kariya. Mai tarihin tabo mai tudu da ke ci gaba da girma ya faɗa wa likita tun farko, kuma da zarar tabo ya fara tasowa yana ƙaiƙayi a koma, domin ya fi jin magani yana sabo. Man bilicin ba maganin wannan ba ne.

Kitsen da aka cire zai dawo?

Ƙwayoyin da aka zuƙe sun tafi, amma waɗanda suka rage na iya kumbura, jiki kuma yana da naci wajen kare yawan kitsensa. Wani bincike a Jami'ar Colorado da aka buga a 2011 ya bi matan da aka zuƙe wa kitse, bayan shekara ɗaya jimillar kitsen jikinsu ta koma yadda take, sai dai ya fi taruwa a ciki maimakon cinya. Wani kuma a Jami'ar São Paulo ta Brazil a 2012 ya ga kitsen cikin ciki ya ƙaru ga waɗanda ba sa motsa jiki bayan tiyata, bai ƙaru ga masu yi ba.

Kitsen da aka dasa shi ma rayayye ne. Idan an yi ƙiba zai ƙaru, idan an rame zai ragu, kuma halin inda aka ɗebo shi yake bi. Wanda aka sa wa kitsen ciki a kumatu ya tuna da wannan. Juna biyu ma na iya sauya siffar gaba ɗaya.

Tunda an rage min kitse, sikari da hawan jinina za su sauka?

A'a. A 2004 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken Samuel Klein, inda aka cire wa mata masu ƙiba kimanin kilo 10 na kitsen ciki, amma sikarinsu, hawan jininsu da kitsen jininsu ba su gyaru ba. Kitsen da ke da hannu a waɗannan cututtuka yana can kewaye da hanji da hanta, bututu ba ya zuwa wurin. Wannan ne ma ya sa mai tumbi mai tauri ba ya ganin canjin da ya sa rai. A ci gaba da shan magani.

An sa min kitse a nono. Zai shafi gwajin cutar daji?

Mataccen kitse kan bar ƙulli ko ɗigon alli da ke fitowa a hoton nono. Ƙwararrun masu karanta hoto galibi suna bambance shi, wani lokacin sai an ƙara hoto ko an ɗebi nama. A riƙa faɗa musu an taɓa yin dashen, kuma duk sabon ƙulli a kai shi a duba, kar a yanke cewa kitse ne.

Ban gamsu da abin da nake gani ba. Yaushe za a gyara?

Ba kafin wata shida ba, likitoci da yawa ma sun fi son shekara. Gefe ɗaya kan riga ɗaya saɓewa, tudu da kwarin wata na biyu kuma sau da yawa babu su a wata na shida. Damuwa da nadama a makonnin farko ruwan dare ne, ga ciwo, ga rashin barci, ga jiki a kumbure; idan ta yi nauyi ko ta daɗe a faɗa wa likita. A riƙa ɗaukar hoto sau ɗaya a wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, ya fi duban madubi kullum.

Akwai abin da jira ba ya gyarawa. Fatar da ta riga ta saki saboda haihuwa, shekaru ko babbar rama ba za ta tsuke don an cire kitsen ƙarƙashinta ba, sai an yanke rarar. Lotsa-lotsan fatar cinya da mazaunai ma zuƙe kitse ba ya kawar da su, yana iya ƙara fito da su. Inda aka bar kitse da yawa gyaransa mai sauƙi ne, a ƙara zuƙa. Inda aka kwashe fiye da kima har fata ta manne da tsoka shi ne mai wuya, domin sai an sake dasa kitse cikin tabo, wurin da jini bai wadata ba, kuma sau da yawa zama ɗaya ba ya isa.